Rasuwar Gwaggo Donka, Ogan ɗin Baƙar Guduma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɓacin rai bai bar wa haƙuri wuri a cikinta ba, Evlogi Tsankov, tsohon malamin kiɗa kuma ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Baƙar Guduma, yana sanar da mutanen wannan gari da na ƙauyukan bakin kogin Danube rasuwar Gwaggo Donka, ogan ɗin lantarki na ƙungiyar, wato abin kiɗa mai maɓallai irin na coci, wadda ruwa ya ci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan benen da yake zaune, ranar Asabar da ta gabata.

Marigayiyar ta iso garin nan a shekarar 1979 a bayan motar kankana, ƙaton akwati na katako mai duhu, da jeri biyu na maɓallai, da nauyin ɗan maraƙi. Ba ta da gaggawa. Idan aka kunna ta sai ta yi tari sau ɗaya, ta yi gunaguni ƙasa-ƙasa, mmmm, kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana, sannan ta buɗe maƙogwaro. Duk wanda ya ji ta a zauren ma'aikatan masana'antar sukari ya san gilasan tagogi sukan amsa mata.

Kusurwa huɗu gare ta, kowace da mariƙin ƙarfe, kowace kuma da mai ita. Strahil mawaƙi da Momchil mai jita su ne a gaba, Parvan mai ganga da Evlogi mai kaɗa ta a baya. Dokar ƙungiyar ɗaya ce tun ranar farko: wanda bai ɗauki Gwaggo ba, ba ya hawa dandamali. An gwada dokar a 1984, lokacin da wani babban jami'in jam'iyya ya aiko ɗansa a sa shi cikin 'yan jita. Ba a yi musu da kowa ba. An ba shi kusurwa ɗaya a gindin matakala, bai kai rabi ba ya tuna yana da wani uzuri.

Ko ranar da ƙungiyar ta watse a 1993 dokar ba ta faɗi ba. Strahil ya ce zai tafi waƙa a jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido, Momchil ya koma kiɗan biki, Parvan ya jefi Strahil da sandar ganga har ya fasa masa gira. Duk da haka mutum huɗun nan, ba mai yi wa wani magana, suka kama kusurwoyinsu suka sauke ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa, jinin Strahil yana ɗiga a kan murfinta. Tabon yana nan. Da aka sake haɗuwa a bikin gari na 2004, haka aka fito da ita. A haɗuwa ta biyu Parvan bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, ya ɗaure cikinsa da ɗamarar matarsa ya kama nasa gefen, yana nishi yana ce wa Evlogi, "Furofesa, me kake ba gwaggon nan taka ne? Mu muna ramewa, ita tana ƙiba."

An kawo waɗannan misalai ne don kada wani ya ce bai san yadda aka saba ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne a farkon bazara, ranar da Strahil ya zo da wani baƙo mai jakar na'urorin ɗaukar sauti. "Furofesa, duba lafiyar Gwaggo muka zo yi," in ji shi. "Danna mana maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda." Evlogi ya ɗauka shirin haɗuwa ta uku ne. Ya koma sama ya ɗaura laktaye a wuya, ya dawo ya zauna, ya yi ta dannawa tun daga mafi kauri har zuwa mafi siriri, marigayiyar tana bayar da duk abin da ke ƙirjinta ba tare da ta ɓoye komai ba. Har kofi ya dafa musu.

Bayan mako biyu aka kira shi wajen gwaji, aka nuna masa wani siririn allon roba mai maɓallai da mutum zai iya maƙalewa a hammata. Momchil ya taɓa shi da yatsa ɗaya, sai ga muryar Gwaggo, har da tarin. "Ka ji? Ita ce sak," in ji Strahil. "Tsufa ya zo, ɗan'uwa, bayanmu ba na da ba ne. Zauna ka buga." Evlogi ya tambaya ko an soke dokar, kuma a wane zama. Suka yi dariya. Ya ɗauki hularsa ya fita, suka ba surukin Strahil kujerar.

Ranar wasan haɗuwa ta uku ce kogi ya cika, ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan ɗakin tun da hantsi. Evlogi, wanda bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya buga waya sau uku. Momchil ya ce likita ya hana shi ɗaukar kaya. Parvan ya ce suna gwada lasifika. Strahil ya ce, "Sa mata bulo a ƙafa, tsoho, gobe da safe muna nan." Mutum ɗaya ba ya ɗaga Gwaggo, su ukun kuma sun fi kowa sanin haka. Lasifikarta kaɗai ya iya jawowa zuwa sama. Da yamma yana zaune a kan matakala, ruwa ya haye jerin maɓallai na ƙasa yana neman na sama, sai iska ta kawo masa muryarta daga dandalin gari, ta saman rufin gidaje, mutane suna ta tafi. Ita kuwa a gabansa, sai kumfa biyu ko uku. Da safe ba wanda ya zo.

Ta bar lasifika ɗaya mai juyawa, da kujera mai gajeriyar ƙafa, da 'yar kwalbar mai da ake ɗiga mata kowace kaka, da dattijo ɗaya. Iyalin ba su amince da allon robar nan a matsayin magaji ba, kuma suna roƙon jama'a su daina kiransa da sunanta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Masu kula da gidan sun ce ranar Litinin ma'aikata za su zo su kwashe duk abin da ruwa ya taɓa, abin da bai bi ta matakala ba kuma su yanka shi. An tanadar mata wuri a gonar inabin Evlogi, gefen rumfa. Za a raba dafaffiyar alkama da ruwan inabi, masu kawo furanni kuma su kawo biyu-biyu kamar yadda ake yi wa mamaci.

Maƙwabta huɗu sun yi tayin ɗaukarta. An gode musu, an kuma ba su haƙuri, domin ba a taɓa yin haka ba. Ba a aika wa kowa goron gayyata ba, ba kuma za a sake buga waya ba. Evlogi Tsankov zai tsaya a kusurwarsa ta baya tun da safe, ƙofa a buɗe. Idan ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana sauran kusurwoyi ukun ba kowa, ba zai bar ta ga zarton baƙi ba. Shi da kansa zai raba ta huɗu, a binne nasa kason, sauran kuma a kai wa kowa kusurwarsa har ƙofar gida, da mariƙinta.