Teburin Ɗangana Mai Shan Ƙura

"...da ban gajiya, ɓarawon rana?"

"Lahiya lau, baiwata. An tashi da ƙaurin kihi lahiya?"

Haka Marka da Ɗangana suke gaisawa tun suna yara. Uwarta yayar ubansa ce, wato taubasai ne, don haka babu mai raba su. Ni Manzo tela, bango ɗaya ne tsakanin rumfata da shagon kafintancin Ɗangana a bayan kasuwar Malanville. A wancan zamanin soja ke mulki, kowa kamarad ake ce masa har mai sayar da albasa. Ni dai ba surutun rediyo ne ya dame ni ba, tarin maƙwabcina ne. Ƙurar maɗaci ta cika masa ƙirji, kamar yadda ta cika na ubansa har ta kai shi kushewa. Likita ya ce ko ya daina shaƙar ta, ko ya bar sana'ar. Shi ya sa ya karɓi ƙafar tsohon keken ɗinkina ya shige shago yana ta ƙwanƙwasa, har safiyar da Marka mai bandar kifi ta faɗo masa kamar jandarma.

"Saƙo biyu gare ni," in ji ta. "Na hwarko, ina rariyar bandata? Na bar ta bakin gulbi, anka ce an ga wani ramamme ya ɗauke ta bisa kai."

"Ɗan namiji ba shi sata gidan ɗiyar mace. Ke da rariyar duk nawa na."

"Naka? Kai da anka same ka cikin buhun gawayi? Na biyu, Gwaggonka ta ce ka ruhe shagon ga yau, ka tahi ƙauyen Garou ka yi noman albasa. Ta ce ta ruhe ƙanenta cikin kushewa da tarin ga, ba ta ruhe ɗanai."

Ɗangana ya san maganar Gwaggo ba ta wasa ba ce. Amma idonsa sai ƙyalli yake. Ya fizge tabarmar da ya rufe wani abu da ita a tsakiyar shago.

"Kahin ki kai ni Garou, dubi nan!"

Akwati ne na katako mai ƙafa huɗu, an liƙe duk gaɓoɓinsa da ƙaro. A samansa ga rariyar Marka, wato ƙarfen duro da aka baje aka huhhuda, an kafe ta da ƙusa. A cikinsa akwai fankar wata matacciyar babbar mota, igiya ta haɗa ta da ƙafar kekena. Ta gefe an fasa masa baki.

"Innalillahi! Rariyata ta kas sa ma ƙusa? Wanga mi na? Makara kaka yi ma kanka tun da rai?"

"Tebur na, jahila. Bisa nai nika goge katako. In na taka, hwanka ta juya, ta ja iska ta hujin ga. Ƙura ba ta hawa hancina, ƙasa taka yi, ta hita ta bakin can."

"Ƙasa? Kamarad Manzo, zo ka ji! Tarin ya hau mai kai. Ni na tsuhwa cikin hayaƙi. Tun da Allah yay yi duniya, hayaƙi da ƙura sama suka yi."

"To ɗebo garwashi ki gwada. In hayaƙi yay yi sama, ki kwashe rariyarki, ni kau in bi ki Garou."

"Ka rantse?"

"Na rantse da ladabin da ba ki da shi."

Ta fita da gudu kamar yarinya, ta aro garwashi a kasko wajen mai shayi, ta barbaɗa masa ɗanyen ganye har ya turnuƙe. Ni ma na bar wandon da nake ɗinki na zo na tsaya bakin ƙofa, don ban son rasa maƙwabcin nan. Marka ta ɗora kaskon a kan rariya, ta sunkuya ta kafa masa ido. Ɗangana ya zauna, ya yi bisimilla, ya kama ƙafar keken ya jawo ta wajensa, yadda ya saba ganin ina tayar da nawa. Ya taka.

Abin ya yi gurnani. Sai fuu! Duk garin katakon da ya taru a cikin akwatin tun ranar da aka fara haɗa shi ya taso ta hujin nan, ya wanke wa Marka fuska. Ta ɗago jajir, har girarta, tana atishawa.

"Ka kashe ni! Wayyo, ka kashe ni, ɗan buhun gawayi!"

"Wallahi kin hi kyau haka. Mijinki ya biya ni ladan kwalliya."

Dariya yake yi, amma dariyar ta rikiɗe ta zama tari, irin mai tanƙwara mutum biyu. Ya dafa teburin har ya lafa. Da ya ɗago, na ga murnar ta zube daga fuskarsa.

"Ɗauko kwano in cire miki ƙusoshin," ya ce a hankali. "Na yi rantsuwa."

Marka ta tsaya tana kallonsa, ba ta motsa ba. Sai ta murguɗa baki.

"Kai, tsaya. Wa yac ce ka yi abu awa mutane? Inna ta ce da ƙahwa kah hito duniya. Komi naka baibai na. Juya abin ga baya, mu gani."

"Ke, ɗinki ba a..."

Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, na dube shi. Ƙafar keke ai duk inda ka tura ta can take bi, mu teloli ne kawai muke jawo ta wajenmu don zare. Fanka ina ruwanta da zare? Ya sa hannu ya tura ta gaba, ya taka.

Hayaƙin da ke miƙewa daga kaskon ya yi rawa, ya karkace, ya lanƙwaso kansa ya zurara cikin hujin rariya.

"La ilaha illallahu! Ya yi ƙasa! Manzo, ka gani? Hayaƙi ya yi ruku'u!"

"Mi nac ce miki? Mi nac ce miki, baiwa?"

"Taka! Taka da ƙarhi, raggo! Ɗauko katakon!"

Ya jawo ƙyauren maɗaci da takardar yashi ya hau guga, ƙafa na taka, hannu na aiki. Jan garin nan yana fita daga katako yana nutsewa kamar ruwa a rairayi. Sai ga shi yana feshi ta bakin gefe, ya nufi rumfata da kayan mutane. Na yi ihu. Marka ta warware sabon mayafinta, ta ɗaure shi a bakin, ya kumbura ya yi tulu.

"Mayahin sallarki na hwa!"

"Ina ruwanka? Yi ta guga."

Ya yi ta guga har ƙyauren ya yi santsi, rana ta shigo shagon, babu ko ɗigon ƙura a cikin haskenta. Marka, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta yi tsit. Ashe saurare take yi.

"Ɗangana," ta ce, "ba ka yi tari ba."

Ya tsayar da ƙafa. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake shi. Shiru.

Ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

"Kuka kika yi, baiwata?"

"Hayaƙi na."

"Hayaƙin da yay yi ƙasa? Ke da kinka tsuhwa cikin hayaƙi?"

Ta fashe da dariya, hawaye na wanke jan garin da ke kumatunta. Ta buɗe ƙwaryar da ta shigo da ita, ta zaro bandar giwan ruwa da ta yi niyyar kaiwa kasuwa, ta dangwara masa a kan teburin.

"Ci ka yi ƙiba, ɓarawo. Rariya na bar maka, mayahi na bar maka. Garin da yat taru ciki kau nawa na, da shi zan tada banda."

"Gwaggo hwa?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka.

"Ni ka hwaɗa mata. In ce albasar Garou ta nemi wani raggon. Wanga ba mu ruhe shi bana."