Yadda Na Zama Malam Girgiza

Ba zan taɓa mantawa da abin da taubashina Ladan ya yi mini a Danchadi ba. Shi ya kai ni ya baro, da rana tsaka, a gaban surukina.

Aji huɗu na yi a firamare, Baba ya cire ni saboda noman albasa. Amma aji huɗun nan ya riƙe mini mutunci shekara talatin. Duk wanda aka ba takardar asibiti a unguwarmu wurina yake kawowa, in sa tabarau (na rana ne, amma wa ya sani?) in faɗi abin da na gane, in cike sauran da "Allah ya sawwaƙe".

Sai ga wata malama daga Sakkwato da waya mai faɗi kamar allo, Ladan ne ɗan rakiyarta. Wai ana auna karatu da lissafin manya, kuma tambayoyin da za ta yi mini su ake yi wa magidanta a wasu ƙasashe, har China, daga baya a jera a ga wa ya fi wa. Kan gidana ƙuri'a ta faɗa. Malamar ta ce, "Baba, da Hausa ko da Turanci?"

Kafin in buɗe baki Ladan ya cafe: "Haba Malama, wanga ai Bature na! Ba shi ta Turanci, kak ki rena mai."

Da na ce Hausa, da an wuce wurin. To amma mutane sun taru a ƙofar gida, ga surukina Alhaji Buba a kan tabarma yana kallona. Na gyara tabarau na ce, "Turanci."

Hoton kwalbar magani ya fito a wayar, rubutu a jikinta kamar tururuwa. Na duba sama, na duba ƙasa, kalma ɗaya tak na shaida, wadda ke nufin a girgiza. Na ce a raina, ai umarni ne. Na kama wayar nan da hannu biyu na shiga girgiza ta, sama da ƙasa, yadda ake yi wa maganin tari.

"Baba, lafiya?" in ji malamar.

"Haka aka rubuta," in ji ni (da ƙarfi ma na faɗa, don na baya su ji).

Ladan ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Surukina ya juya yana nazarin katanga. Malamar, Allah ya saka mata, ta danne dariya ta ce abin da aka tambaya shi ne, cokali biyu sau uku a rana, nawa ke nan? Na ce shida tun ba ta rufe baki ba. Ta ce ba zai shiga ba, tunda ita ta karanta mini. Ka ji yadda China ta ci Najeriya a ƙofar gidana.

Tun ranar ba wanda ya sake kawo mini takarda. Suna kuwa na samu, Malam Girgiza, har mata a rijiya.

Na haɗu da Ladan a kasuwar Shagari, ya hango ni ya fara kaɗa kafaɗa. Na tare shi na ce, "Yi dariyarka. Kai ka gina ramin, ni na zuba ƙafa don kar a ce ban iya tsalle ba, wannan na ɗauka. Amma wallahi duk ranar da su Malama suka dawo, ni zan raka su gidanka, in ce musu wanga Balarabe na."