Ranar da Alhaji Issufu Ya Tono Kansa Cikin Yashi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta Juma'a a unguwarmu Nuzla ba, ko da zan manta sunan kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takardar zama, wanda dama yanzu sai na yi tari sau biyu kafin ya zo mini. Ranar ce na kusa kashe auren 'yata Asma'u, kuma abin da na ɗauko na yi wannan aika-aika da shi sojan roba ne wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ni tela ne, shekara talatin da ɗoriya ina taka keke a Jidda. Boko na yi aji huɗu aka sallame ni cikin mutunci (malamin ya ce benci nake tarewa). Amma a fannin yaƙi, ku tambayi kowa, ni janar ne. Iyaka dai kada ku tambayi matata Hajiya.

Asalin ciwon a unguwar Ruwais na kwaso shi. Na je ɗinka labule gidan wani Bature injiniya, sai na tarar da shi, ƙato mai sanƙo, durƙushe a ƙasa yana auna tsakanin 'yan sojojin roba da tef. Na yi dariya har na kusa haɗiye allura. Sai kuma na lura yana riƙe tef ɗin a karkace. To, a gabana ba a wulaƙanta tef. Na durƙusa na gyara masa. Labulen da zan gama a kwana biyu sai da ya ci mako uku.

Tun daga nan duk shagon abu riyalain, wato na komai riyal biyu, da ke kudancin Jidda ya san ni. Leda guda riyal biyu, a ciki sojoji kore shar, kuma kullum su ne dai: mai harbi a tsaye, mai rarrafe, mai waya a kunne, da wani bawan Allah mai riƙe da abu kamar tsintsiya yana neman nakiya. Ni ba na barin su yadda aka haife su. In tsoma soja a tafasasshen ruwa, in lanƙwasa hannunsa yadda nake so, in jefa shi a ruwan sanyi ya sandare a haka. In fille kan wannan da reza in ɗora wa wancan. Gam ba ya kama irin wannan roba, don haka karyayyar allurar keke nake sokawa ta tsakar ka har cikin wuya, in ya zauna sai in datse abin da ya yi saura. Rawani da guntun ƙyalle, gemu da zare, tumbi da narkakken kyandir. Hajiya ta ce wannan aikin yara ne. Na ce wani malami ya tabbatar mini kayan wasan yara halal ne, ni kuwa yaro ne, furfura ce kawai ta yi mini gaggawa.

Abokin gabata shi ne Abakar, mutumin Cadi, mai tsire a unguwar Sa'alaba. Filin dagarmu babban faranti ne irin wanda ake zuba shinkafar biki, na cika shi da yashin bakin teku. Baturen nan da ɗan lido yake jefawa, amma Abakar ya ce shi ba ya taɓa kayan caca, don haka muka koma ƙwallon dabino guda shida, kowanne an shafa wa gefe ɗaya fenti. Ka watsa a kan yashi, ka ƙirga masu fenti a sama, su ne harsashinka da suka samu. Kowane kwamanda yana da 'yar takarda manne a ƙasan ƙafarsa: na zana gida-gida, na cika da lambobin Larabci (ƙarfinsa, saurinsa, jarumtarsa), na rubuta sunansa a sama da ajami, tunda bokona ba ya tafiya sai da sanda. Kuma doka ce, kwamandan da ya mutu a binne shi cikin yashi har a gama yaƙin, saboda Abakar ya taɓa ta da matattu sau uku ina sallah.

Saura abu ɗaya in faɗa, kuma shi ne laifina na gaskiya. Kwamandojina duk mutanen unguwa ne. Na yi mai wanki, na yi ladan, na yi direban da ke kai mu Makka. Na kuma yi Alhaji Issufu, Badamagare mai sayar da turare, mai jan gemun lalle, koren rawani, da tumbin da ke riga shi shiga masallaci. Kyandir guda da rabi ya ci. Wallahi ban taɓa yin aikin da ya fito kamar wannan ba. Ban ma kai ga datse allurar kansa ba muka sa shi a fili, don ɗoki.

To, ashe wannan Alhaji Issufun shi ne baffan Habibu, yaron da Asma'u ke so, shi ma yake son ta kamar ya haɗiye. Shi ne zai zo neman aure.

Da safen ranar Asma'u ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗinkina. Haihuwar Jidda ce, in ta shiga damuwa Hausarta guduwa take. Ta ce, "Baba, Allah yikhallik, yau dai ka sa wa ɗakin nan makulli."

Na ce, "Ke, ni yaro ne? Ki je ki yi ƙunshinki."

Ban kulle ba. Yaƙin Laraba bai ƙare ba, ba zan rushe fili ba. Na dai ɗauko farin zanen gado mai tsabta na lulluɓe farantin.

Bayan la'asar suka iso, Alhaji Issufu da wani dattijo Malam Hamidu, da ƙullin goro da kwalin alewa. Ni da Abakar muka tarbe su a majalisi, wato ɗakin baƙi, ni cikin babbar riga mai aska takwas, ina magana a hankali kamar alƙali. An sha gahawa, an gaisa, an tambayi mutanen gida har da waɗanda suka mutu. Sai mukayyif, na'urar sanyin majalisin, ta yi tari, ta yi atishawa, ta cika. (Habibu gyaran mukayyif ne sana'arsa. Amma ango ba ya zuwa neman aurensa, kun ji yadda al'ada ke cutar mutum.) Wanda ya san zafin Jidda ya san abin da ya biyo baya. Cikin minti goma rawanin Alhaji ya fara ɗiga.

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Baban Asma'u, ka kai baƙi ɗakinka mana, na can yana aiki."

Na ce, "A'a, nan ma da iska."

Alhaji Issufu ya riga ya miƙe. "Yalla, yalla, mu je inda ake numfashi."

Muka shiga. Suka zauna, kuma ina kallo suka zauna yadda duk ɗan Jidda ke zama in ya ga babban faranti a tsakar ɗaki lulluɓe da farin ƙyalle: suka kewaye shi. Alhaji ya naɗe hannun riga. Fuskarsa ta yi haske.

"Haba Malam tela, har da wahala haka? Ashe shi ya sa ba ka so mu shigo, kana ɓoye mana mandi, shinkafa da rago!"

Na miƙa hannu in tare, ya riga ni. Ya ce bismillah, ya yaye zanen.

Ku tsaya ku kalli abin da idonsa ya gani, ba da idona ba, da nasa. Yashi a faranti. Layuka an ja da yatsa. Ƙwallayen dabino shida a watse. 'Yan mutane ƙanana a tsattsaye, wasu ba kai. Can gefe, tulin kawuna a murfin kwalba. A tsakiya kuma, wani ɗan tudu kamar kabari, jan gemu ya leƙo daga ciki.

Malam Hamidu ya ja da baya da mazaunai har ya bugi keken ɗinki, ya kama Falaƙi da Nasi da ƙarfi. Alhaji kuwa ya sunkuya. Ya sa yatsa biyu ya kama gemun ya ja. Ga koren rawani. Ga tumbi. Ga allura ta shiga ta tsakar ka, rabinta a waje tana ƙyalli. Ya juya ƙafar, ya ga takarda gida-gida cike da lambobi, sak hatimi. Ya matso da ita kusa da ido yana haɗa baƙi: "I... su... fu."

Ya ɗago. "Wannan ni ne?"

Na ce, "Kama ce, Alhaji. Mutane suna kama."

"An rubuta sunana."

"Issufu ai suna da yawa a Jidda."

Ya kai hannu ya dafe ƙeyarsa a hankali. "Wata uku ke nan wuyana yana ciwo. Na je asibiti sau biyu."

Nan ne Abakar, abokina na shekara ashirin, ya ga ya kamata ya cece ni. Ya ce, "Alhaji, ka yi masa adalci. Wallahi ba shi ya kashe ka ba. Ni na kashe ka, shekaranjiya. Shi binne ka kawai ya yi."

Malam Hamidu ya koma Ayatul Kursiyyu.

Yanzu ina ba ku labari ina dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. A ƙasar nan in aka ce mutum yana sihiri, ba iƙamarsa, wato takardar zamansa, kaɗai ke cikin haɗari ba. Amma wallahi ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Alhaji ya miƙe, ya ɗauki ƙullin goronsa ya saƙale a hammata, ya ce, "Hamidu, ɗauko alewar. Halas." Ta bayan ƙofa kuma na ji wani ɗan sauti da na sani tun tana cikin zanen goyo. Asma'u ce take kuka tana toshe baki.

Sai muryar Hajiya, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Alhaji Issufu, ka yi haƙuri in sa baki a maganar maza. Mijina ba boka ba ne. Boka ana zuwa wurinsa. Wannan shekara ashirin ba wanda ya taɓa zuwa sai mai tsire. Wasa yake yi, Alhaji, wasan yara. Baban Asma'u, nuna musu."

Na ce, "Hajiya, a gaban surukai?"

"Nuna musu, na ce."

Haka na durƙusa, da aska takwas ɗina da furfurata, na rataya tef a wuya. Na ce wannan rundunar Nuzla ce, waccan ta Sa'alaba. Na auna inci shida na matsar da mai rarrafe. Na watsa dabino, uku suka fito. Kuma saboda hannu ya saba, baki ma ya saba, sai na ji wata murya a ɗakin tana cewa, "Tau! Tau! Ratatata! Buuum!" Na waiga in ga wane mara kunya ne. Ni ne. Har na kwantar da sojan Abakar ina yi masa kukan mutuwa, "Wayyo, Sa'alaba ta ƙare!"

Malam Hamidu ya tsaya a tsakiyar aya, baki buɗe. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja zanen gadon na rufe.

Alhaji Issufu ya daɗe yana juya ɗan gunkinsa a hannu. Sannan ya ce, "To, na ji. Lambobin nan fa?"

"Ƙarfinka ne, Alhaji, da saurinka."

"Sauri nawa ka ba ni?"

"Ɗaya."

"Cikin nawa?"

"Shida."

Ya ajiye goron. "Muƙamina fa?"

Na so in yi ƙarya, amma Abakar yana nan. "Shugaban masu girki ne, Alhaji."

"Masu girki!" Gemunsa ya yi rawa. "Ni da na yi shekara biyu ina soja a Damagaram kafin a haifi wannan mai tsiren? Bon. A ina na mutu?"

Na nuna masa. Ya duba, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"A gaba? Wane jahilin janar ne ke sa tukwane a gaba? Ka bar tudu ba kowa, ka tura mai girki bakin igwa! Ba sihiri ya kashe ni ba, rashin ilimi ne. Matsa. Ba ni dabinon nan."

Ya tattare babbar riga ya durƙusa, tumbi ya zauna a bakin faranti. Jifan farko, biyar. Ya kwashe wa Abakar gefen hagu gaba ɗaya, yana "Bum!" da muryar da ta fi tawa kauri. Abakar ya ce ba a ta da matacce. Alhaji ya ce suma ya yi. Suka kaure da musu, ni ina aunawa.

Sai da ladan ya fara gyara murya Malam Hamidu ya ce, "Alhaji, wai me ya kawo mu gidan nan ne?"

Bai ko ɗago ba. "Af. Malam tela, muna nema wa Habibu auren Asma'u."

Na ce, "Na ba ku."

"Madalla. Hamidu, raba goro. Abakar, jifanka ne, kada ka ɓata mana lokaci."

Guɗar da Hajiya ta rangaɗa a bayan ƙofa har sojoji biyu ta kayar.

Sharaɗi uku ya gindaya kafin ya sa takalmi: a datse allurar, a naɗa shi kumandan, a rage tumbin. Na cika biyu. Washegari ya aiko wai wuyansa ya saki (filo ya canza, Habibu ya faɗa mini daga baya). Asma'u kuwa mako guda ba ta yi mini magana da Hausa ba. Yanzu 'ya'yanta huɗu, kuma duk Laraba har Allah ya karɓi ransa Alhaji Issufu yana gidana yana cin Sa'alaba da yaƙi.

Darasin da na koya, ga shi kyauta: kada ka lulluɓe faranti da farin ƙyalle a Jidda in ba shinkafa a ciki. In kuma har sai ka ƙera maƙwabcinka da roba, to ka soka masa allura in ka ga dama, ka binne shi, duk zai yafe. Amma ka ba shi sauri shida.