Minti Biyar na Uban Jijiyoyi

Kullum da safe, kafin ya ajiye jakarsa, Farfesa yakan tsaya gaban wata takarda da ke rataye cikin gilashi a ɗakin awo na asibiti, ya sa ɗan yatsa ya gyara mata zama. Ba a taɓa ganin ta karkace ba, amma yakan gyara. A jikinta an rubuta cewa kafin a auna jinin mutum, sai ya zauna minti biyar cikin natsuwa, ba magana, ba motsi. A ƙasa ga sunan Farfesa, da jerin digirorinsa, waɗanda suka ɗan fi dokar tsawo.

Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa, kuma bai ga dalilin ɓoye ta ba. Shekara ashirin da shida yana bin diddigin hawan jini. Ɗalibai suna kiransa Uban Jijiyoyi a bayan idonsa. Da labarin ya kai masa bai yi fushi ba, sai dai ya tambayi sakatariyarsa ko sunan zai shiga allon ƙofa in an rage girman haruffa.

Bincikensa ba mai wuyar fahimta ba ne, in ba shi ke bayani ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan kullutu da ke zuba sinadari cikin jini idan mutum ya firgita. Sinadarin ya matse jijiyoyi, jini ya hau. Duniya ta san haka tun kafin a haifi Farfesa. Abin da shi ya gano shi ne, mutanen da ke zuwa ɗakin awonsa suna da wannan sinadari fiye da na ko'ina a doron ƙasa, kuma haka kawai, ba tare da wani abu ya firgita su ba. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ya auna da hannunsa. Ya buga maƙala uku a mujallar masana, kuma duk wanda ya shiga ofishinsa yakan fito da kwafi, har da mai gyaran fanka.

Da hannunsa yake awo, don bai yarda da hannun kowa ba. Kuma mutum ne da ba ya son a ɓata lokaci. Minti biyar ga mara lafiya zaune, kunne a buɗe, ga masani a tsaye, ai asara ce a bar su su wuce haka. Dokar ta hana mara lafiya magana. Ba ta ce komai game da Farfesa ba.

"Malam, saki jikinka," yakan ce, yana ɗaura wa mutum maɗaurin awo a damtse. "Kada ka sa komai a ranka. Dubi wannan hoton. Jijiyar ƙwaƙwalwar wani mutum ce, sa'anka. Yana cikin ɗaura takalmi ta fashe. Matarsa ta ce bai wahala sosai ba. Sauke kafaɗa. Wannan kuma ƙodar ɓera ce, mako shida bayan mun fara yi masa allura. Taka ta fi ta girma, amma hanyar lalacewar ɗaya ce. Numfasa a hankali."

In minti biyar ta cika sai ya hura maɗauri, ya saurara, ya dubi lamba, ya girgiza kai a hankali kamar mai ta'aziyya. Sannan ya kira Sista, ma'aikaciyar jinyar sashen, ta ɗebi jini nan take, tun sinadarin bai gudu ba.

Sista ta yi shekara goma sha ɗaya tana riƙe masa babban rajista. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan kallo. Idan Farfesa ya tafi taron masana, abin da yake yawan faruwa, ita ke auna masu dawowa. Lambobinta ba sa shiga babban rajista, don Farfesa ya ce awon ma'aikaciyar jinya na jinya ne, ba na kimiyya ba. Sai take rubuta su a wani ɗan littafi mai koren bango da take ajiyewa ƙarƙashin kwalin auduga. A can, mutanen nan da jininsu ke neman tsaga rufi, lafiyarsu ƙalau. Ba duka ba, akwai masu ciwon da gaske. Amma fiye da rabi.

Ta taɓa yi masa maganar sau ɗaya, shekara huɗu da suka wuce. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani na rabin sa'a a kan yadda kunnen da bai je jami'a ba yake jin bugun jini a makare. Ta yi godiya. Da ta fito ta auna kanta, ta ga abin da ta gani, ta rubuta a ɗan littafin.

Da haka aka ci gaba, har ranar da kawunta ya shigo cikin lamarin.

Ƙanin mahaifiyarta ne, direban motar 'yan makaranta, shekara goma sha tara bai taɓa fasa ko da madubi ba. Kamfaninsu ya fito da sabuwar ƙa'ida: kowane direba ya kawo takardar likita cewa jininsa daidai yake, kafin Litinin, ko ya ajiye makulli. Sista ta ce masa ya zo Alhamis. Farfesa zai yi tafiya, ita za ta auna, ƙaramin likita ya sa hannu, a gama. Ranar Laraba da yamma aka ɗage taron.

"Ɗiyata, wancan mai farar rigar ba shi ne Farfesan naki ba?" in ji kawu, yana leƙe daga baranda. "Ke da kika ce ya hau jirgi?"

"Jirgin ne ya tafi ya bar mana shi. Kawu, ka shiga ka zauna kawai. Duk abin da ya ce, kai dai ka kalli bango."

Ta manta a bangon hotunan suke.

Ɗari da tamanin da takwas a kan ɗari da goma sha biyu. Farfesa ya cire tabarau, ya mayar.

"Wannan bawan Allah ne ke ɗaukar 'ya'yan mutane kullum? Malam direba, ban san abin da ya riƙe ka a raye ba, amma kimiyya za ta so ta sani. Ba zan sa hannu ba. Hannuna ba ya sauka a kan takardar da za ta kashe yara talatin. Sista, rubuta shi, ɗari huɗu da goma sha uku."

A baranda kawu ya zauna kan benci, yana juya makullin mota a hannu.

"Ni da ko ciwon kai sai in shekara ban yi ba," ya ce. "Yanzu kuwa ji nake kamar wani abu na tafiya a ƙeyata."

"Gumi ne, Kawu."

"To me zan faɗa a gida? In ce mata na je wurin 'yarmu lafiya lau na dawo da mutuwa a aljihu?"

"Kada ka faɗi komai. Gobe da safe ka dawo."

Shekara goma sha ɗaya ta koya wa Sista cewa akwai ƙofar da ba a turawa, sai dai a ja. Ta sami Farfesa a ofis, ta tsaya kanta a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Na daɗe ina awo ba daidai ba, kuma har yau ban gane inda nake kuskuren ba. Da za ka tsaya bayan labule gobe ka kalli yadda nake yi, ba tare da mara lafiya ya san kana nan ba, da ka kama ni. Da na'urar lantarki zan yi, don kada kunnena ya shiga ciki."

Fuskar Farfesa ta buɗe. Ba kullum ake zuwa har ofis a roƙe shi ya kama mutum da kuskure ba. Ya ce wannan ita ce ɗabi'ar da yake ta ƙoƙarin shukawa a sashen, kuma zai ambaci haka a jawabinsa na ƙarshen shekara.

Da safe kawu ya shigo yana waige-waige. Sista ta ɗaura masa maɗauri, ta ce yau ita ce da shi, ta saita na'urar ta jira minti biyar sannan ta yi awo uku da kanta, minti ɗaya tsakani, sannan ta zauna ta naɗe hannu.

Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da bai taɓa yi ba Farfesa yana cikin gari. Fanka na juyawa. A ƙasan labule ana hango takalma biyu baƙaƙe masu sheƙi. A minti na farko sun tsaya cak. A na biyu ɗaya ya hau kan ɗaya. A na huɗu suka fara ɗaga dunduniya suna saukewa, kamar na mai jiran banɗaki. Kawu kuwa har ya fara gyangyaɗi.

Na'ura ta hura, ta saki. Ɗari da ashirin da huɗu a kan tamanin. Ta sake. Ɗari da ashirin da biyu a kan saba'in da tara.

Iyakar abin da ɗan Adam zai iya jurewa ke nan. Labule ya yaye.

"Malam direba, kada ka motsa, saki jikinka. Wannan lamba yaudara ce, kuma irinta ce ta fi kisa. Na san wani mutum da aka auna haka da safe, kafin azahar ɓarin jikinsa na dama..."

Na'urar ba ta san wanda ke magana ba. Minti ɗaya aka ce mata, minti ɗaya ta cika, ta hura. Su ukun suka zuba mata ido. Ɗari da tamanin da ɗaya a kan ɗari da takwas.

Sista ta ɗaga kwalin auduga, ta ɗauko ɗan koren littafin, ta ajiye shi a gefen tebur kamar mai neman wurin ajiya. Kusa da shi ta ajiye takardar kamfani, da biro a kai.

Farfesa ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya ɗauki biro.

"Na jima ina zargin haka," ya ce. Ya sa hannu, digirori da duka.

Kawu ya ninke takardar sau huɗu ya tura cikin aljihu, ya rusuna ya yi godiya, ya yi wa Farfesa addu'ar ƙarin basira. A bakin ƙofa ya sassauta murya, amma ba sosai ba.

"Ɗiyata, baɗi in muna da rai, ki tabbatar jirgin ya tashi kafin ki kira ni."

Ranar Litinin ya ɗauki 'yan makarantarsa kamar kullum.

A ranar awon kuwa, Farfesa ya tafi da ɗan littafin ofis, ya rufe ƙofa tun hantsi har la'asar. Da ya buɗe, ya kira Sista ya shaida mata cewa masani na gaskiya shi ne wanda ke gyara kansa kafin a gyara shi, don haka zai rubuta wa editan mujallar wasiƙa a yau ɗin nan. Ta kawo masa farar takarda.

Tun daga lokacin Sista ke kiran mutum ɗari huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓar musu ranaku da kyau, ƙaramin likita yana rage wa masu yawa magani. Shugaban asibitin, wanda ba a san wa ya kai masa labari ba, ya zama mai matuƙar kishin ci gaban Farfesa. Takardar neman izinin tafiya ba ta kwana a teburinsa. Wani lokaci ma shi ke nemo taron.

Wasiƙar kuwa tana nan a aljihun tebur na sama. An fara ta da kyau. Akwai kwanan wata, akwai gaisuwa, akwai sakin layi guda cikakke a kan shekaru ashirin da shida na sadaukarwa. Sai sabon layi: "Ina mai sanar da ku cewa a cikin maƙalolina uku na yi". Nan biro ya tsaya.

Ya ce wa Sista kalmar da ta dace yake nema. Ya duba littattafai da dama, har yanzu bai ci karo da ita ba.