Gidan da Muka Kai wa Tsohuwar Lawban

Ba zan taɓa mantawa da zuwan surukina Guangzhou ba, ko da ma na so mantawa, mutanen gidansu ba za su bari ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Lokacin ban fi 'yan watanni a garin ba, amma in ka ji ni a waya ina ba 'yan Kano labari, sai ka rantse a nan aka yanke cibiyata. Sinancin da na iya kuwa bai wuce nihaw na gaisuwa, da shiye-shiye na godiya, da lawban, wato maigida, ba. (Akwai kuma meyo, wato babu, amma wannan ni ake faɗa wa.)

Surukin nawa, Alhaji Sabo, babban ɗan kasuwar atamfa ne a Kwari. Ya ce zai zo ya ga garin da idonsa, in ya gamsu da ni ya damƙa mini sayen kayan shagunansa gaba ɗaya. In bai gamsu ba, akwai ɗan ƙanensa da ke jira a layi. Ni kuma da wannan aikin nake sa ran kama gida in ɗauko matata, in huta da kwana ɗaki ɗaya da gwauraye masu minshari.

Kai, na yi rawar gani da farko! Na sauke shi a wani otal a kan titin Huanshi, ɗaki can sama, yana leƙa taga yana "Allahu Akbar, ji motoci kamar tururuwa." Na kai shi wurin Musulmin Sin masu farar hula, waɗanda ke jan taliya da hannu har ta zama zare. Ya tashi da kwanonsa tas, ya nemi ƙari. A kasuwannin Liwan ina gaba yana biye, ina ta rabon nihaw kamar mai rabon goro. Duk abin da ya tambaya ina da amsa, wanda ban sani ba in ƙirƙira nan take.

Ana haka sai Mista Lam, lawban ɗin masaƙar da muke son ƙulla harka da ita, ya gayyace mu walimar rana ta cikar shekarun mahaifiyarsa. Alhaji ya ce, "Ɗan nan, ba ma je wa tsohuwa hannu rabbana ba. Ka kai ni inda ake aikin hannu na gani na faɗa."

Akwai wani Isiyaka, mutumin Kumasi mai harkar lodin kwantena, ya daɗe a garin yana jin Sinanci. Ya ce bari ya raka mu. Na ce ya huta abinsa, na san ko'ina. (Gaskiyar magana, tsoro nake kada Alhaji ya ga wanda ya fi ni.)

Na tuna wani lungu a tsohon gari da na taɓa giftawa, na ja Alhaji can. Jama'a, in kun ga shagon nan! Komai da takarda aka yi shi: riguna, takalma, agogo, talabijin, har da firiji mai buɗewa. A tsakiya ga wani gidan bene ja da ruwan zinare, da matakala, da mota a ƙofa, da ɗan maigadi a tsaye. Alhaji ya zagaya shi yana tafa hannu.

"Wannan fa mene ne amfaninsa?"

Na gyara murya na ce, "Baba, ai wannan shi ne ƙololuwar fasaharsu. Manya ake kai wa, a ajiye a falo."

Mai shagon ta dube mu da wata irin fuskar tausayi, ta yi mini doguwar tambaya a hankali. Na gyaɗa kai na ce shiye-shiye. Har ta ƙara mana sandunan turare kyauta, na ce wa Alhaji, "Kun gani, girmama ku ta yi."

Ranar walima Alhaji ya sha babbar riga mai aiki, ya ce shi zai ɗauki gidan da kansa. Direban tasi na farko da ya gan mu ya taka mota, na biyu ma haka. Na ce wa Alhaji ba su son babban kaya ne.

Muka shiga zauren cin abincin, ko'ina jan kyalle, ana ta hayaniya da dariya. Tsohuwar na zaune a tsakiya, 'yar firit, jikoki kewaye da ita. Alhaji ya taka cikin ƙasaita ya dire mata gidan a gabanta, ni kuma na ɗora turaren a kai, na ɗaga murya na ce, "Nihaw!"

Wurin ya yi tsit. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Fuskar Mista Lam ta yi jawur kamar gidan. Sai ga Isiyaka, wanda shi ma an gayyace shi, ya taso da gudu har yana ture kujera.

"Alhaji, inna lillahi! Wa ya kai ku wannan shago? Kayan matattu ne! Ƙona su suke yi in mutum ya mutu, wai ya samu wurin zama a can."

Wato mun je bikin tsawon rai mun kai wa mai bikin likkafani, da turarensa. Wallahi na ji gumi yana bin bayana har cikin safa. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Alhaji bai dube ni ba, kuma wannan ya fi mari ciwo.

Tsohuwar ce ta sa tabarau, ta buɗe ƙofar gidan da ɗan yatsa, ta leƙa ciki, ta taɓa motar. Ta yi wata magana, sannan ta fashe da dariya har tana tari. Isiyaka ya fassara: "Ta ce gidan ya yi kyau, ya fi wanda 'ya'yanta za su saya mata. Amma ku yi haƙuri, ba ta shirya tarewa ba tukuna."

Aka yi dariya, ta dole da ta gaske. Aka fice da gidan ta ƙofar baya, Isiyaka ya yi ta ba da haƙuri a madadinmu, Alhaji ya cire agogon hannunsa zai ba tsohuwar, Isiyaka ya cafke hannun ya ce shi ma agogo ba a bayarwa, don a wurinsu alamar ƙarewar kwana ce. Kifin da aka kawo mana ban san ɗanɗanonsa ba.

Da muka iso ƙofar otal sai Alhaji ya tsaya ya juyo gare ni. Ni na riga na sallama aikin, ina tunanin abin da zan gaya wa matata.

"Ɗan nan, ka san abin nan da muka saya?"

"Ban sani ba, Baba."

"Alhamdu lillahi. Tun da na sauka garin nan nake jiran in ji wannan kalma a bakinka." Ya gyara hularsa. "Za ka yi mini sayayya, amma kai da Isiyaka. Kuma ranar da na mutu kada a aike ka sayen komai."

Matata ta zo bayan sallah. Abin da ta fara tambayata a filin jirgi shi ne ko gidan da na kama mata na bulo ne ko na takarda. Tun daga nan, in mai shago ya dube ni da tausayi ya ƙara mini kyauta, ba na cewa shiye-shiye sai na nemo mai jin yaren.