Tanoma Ɗiyar Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙona wa jami'a esansi, wato man mota, a banza, na kuma ƙona mutuncina a ƙofar gidanmu.

Lokacin ina sitaj, wato koyon aiki, a wata cibiyar jami'a mai binciken tarihi da al'adun farkon zuwan Nasara. Mu biyu ne ƴan sitaj, gurbin aiki kuwa ɗaya tak. Shugabar cibiyar, Madam Rabi, tana neman waƙoƙin da mata suka riƙa yi sa'ad da ake tilasta musu daka wa sojan Nasara hatsi. Da ta tambaya wa ya san ƙasar Dakoro, na miƙe na bugi ƙirji na ce babu tsohon da ban sani ba (ni da shekara shida ina Yamai, sai salla nake leƙa gida).

Na riga su Madam zuwa Dakoro da kwana ɗaya, tunda a gidanmu za su ci abinci. Damuwata guda, Kaka. Ta haura tamanin, ba ta iya zama shiru. Ko wake take tsincewa sai ta yi ta waƙe-waƙenta da ba mai saurare. Na durƙusa na ce, "Kaka, gobe manyan baƙi za su zo, masu ilimi. Don Allah ki zauna ɗaki, ban da waƙar nan."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To mijina, kunyar matarka kake ji. Na rufe bakina."

Da safe na zura bes, wato kwat, na ɗaura karabat a wuya, na shige gaban mota. A Sabon Maci aka ce masu waƙar sun ƙare. A Ajekoriya wani dattijo ya ba mu labarin fari awa biyu, babu ko baiti ɗaya. Madam ta daina yi mini magana, ni kuwa ina ganin aikin yana sulalewa. Sai a Mai Yara wani tsoho, Baba Nomau, ya ce, "Mutum guda ta rage, Tanoma ɗiyar Ango. Uwarta da hannunta ta yi dakan. Dakoro aka kai ta aure tun muna samari."

Madam ta juyo. "Ka san ta?"

Ban taɓa jin sunan ba. Amma in ce ban sani ba? Na gyara karabat na ce, "Allah sarki, ai ta rasu."

"Rasuwa?" in ji Baba Nomau. "Watan jiya na gan ta wurin suna! Ku tahi da ni."

Muka shigo Dakoro yana nuna wa shofer hanya. Muka bi bayan kasuwa, na ce a raina ashe unguwarmu take. Muka karya kwana wajen itacen bedin layinmu. Mota ta tsaya, sai ga wandona a shanye bisa katanga. Jama'a, wane jika ne ya taɓa tambayar sunan kakarsa? Ni dai tun da na tashi Kaka na sani.

Baba Nomau ya yi sallama, Kaka ta fito tana dogara sanda. Ko gaisuwa ba a gama ba ya nuna ni. "Tanoma, wanga yaro ya ce kin rasu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage.

"Jiya ya rufe mini baki, yau ya bizne ni," in ji Kaka. "Mi kuke biɗa?"

Madam ta durƙusa ta yi bayani. Kaka ta ce ita an hana ta waƙa gaban masu ilimi, sai mai hanin ya janye. Na janye, da gwiwa biyu a ƙasa. Ta ce saura guda: waƙar daka ba a yin ta ba daka, kuma ita hannunta ya gaji. Aka kawo turmi, aka zuba hatsi, aka miƙa mini taɓarya. Matan unguwa suka cika gidan suna shewa, ni ga bes ga karabat ina ta kirɓa.

Da Kaka ta ɗaga murya, shewar ta mutu. Waƙar matan da tafin hannunsu ya tsage ce, suna ɓoye ɗan hatsi a bakin zane don ƴaƴansu. Sau ɗari na ji ta a tsakar gidan nan, ban taɓa saurara ba. Na yi kuka, na ce ƙaiƙayi ne ya shiga idona.

Kwana huɗu Madam ta yi tana ɗaukar muryarta, aikin kuma ni aka ba (Madam ta ce ba don halina ba, don ni kaɗai Kaka ta yarda in rubuta mata). Muryar tana ajiye a cibiya, ɗalibai na zuwa saurare, kuma a tsakiyar waƙa ta biyu kowa yana jin ta tana cewa, "Kai, daka sosai, rago!"

Yanzu duk ɗan sitaj da ya zo yana bugun ƙirji, kafin in ba shi makullin mota tambaya ɗaya nake masa: yaya sunan kakarka?