Yadda na mallaki gida a Faisal

A gidanmu ni ne farfesan Larabcin titi. Abba yana karatun digiri a nan Alƙahira, amma idan ya yi wa mai tumatir magana sai ka ɗauka huɗuba yake yi. Shi ya sa da Umma za ta nemi rangwamen maganin ciwon suga a wani asibiti, ni na raka ta.

Na zauna gaban ma'aikaciyar, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta tambayi inda muke zaune, na amsa tun kafin ta rufe baki. Sai ta ce, gidan namu "tamlik" ne ko "igar"?

Ban san ko ɗaya ba. Amma tamlik ya yi mini kama da tamam, wato lafiya ƙalau. Na ce tamlik ne ƙwarai, har na ƙara da wallahi.

Umma ta taɓa ni. "Me ta ce?"

"Yabon gidanmu take yi, Umma."

Matar ta dubi silifas ɗina, ta ce ma'alish, rangwamen na 'yan haya ne, ban da masu gidan kansu. Ashe tamlik gidan mallaka ne, igar kuma haya: na rantse cewa mun sayi gidan da famfonsa ma ba ya rufuwa.

Sai da Abba ya je da takardar haya da Larabcin huɗubarsa aka gyara.

Har yau, idan mai gidan da muke haya a unguwar Faisal ya ƙwanƙwasa ƙofa a farkon wata, Umma ba ta ko ɗaga kai.

"Alhaji Tamlik, fito. Wani ya zo karɓar haya a gidanka."